Giyar Inabi Ta Japan: Tarihinta, Ire-iren Inabinta Da Abincin Da Ake Haɗa Ta Da Shi

Idan aka ambaci Japan a fagen abin sha, abin da ya fi saurin zuwa zukatan mutane shi ne koren shayi, ko kuma sake, giyar da ake yi da shinkafa. Kaɗan ne suka san cewa ƙasar tana da masana'antar giyar inabi da ta kai kimanin shekara 150, mai kamfanoni manya da ƙanana fiye da 400, da kuma ire-iren inabi 3 na gida da hukumar duniya mai kula da harkar inabi da giyarsa, wato OIV, ta yi wa rajista.

Akasarin masu karanta wannan shafi ba sa shan giya, domin Musulunci ya haramta ta, kuma a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Sai dai labarin giyar inabin Japan labari ne na noma da binciken iri da dokar kasuwanci: yadda ƙasa mai yawan ruwan sama ta koyi noman itacen da ya fi son busasshiyar iska, da yadda ta yi asarar biliyoyin kuɗi saboda sakaci wajen yi wa iri guda ɗaya rajista.

Yanayin da bai dace da inabi ba

Inabin da ake matsa giya da shi a Turai ya saba da bazara mai rana da ƙarancin ruwa. A Japan abin ya sha bamban. Damina takan sauka a watannin Yuni da Yuli, lokacin da 'ya'yan inabi ke girma, sannan guguwar teku ta biyo baya a wajajen Satumba, daidai lokacin girbi. Laima mai yawa tana jawo cututtukan funfuna, ruwa kuma yana fasa 'ya'yan ko ya rage musu zaƙi.

Dabarar da manoman Japan suka daɗe da ita ita ce ɗora itacen a kan rumfa mai tsayin da mutum zai iya wucewa ƙarƙashinta. Nonnan inabin sukan rataya nesa da danshin ƙasa, iska tana ratsa su. A gonaki da yawa akan ɗaura wa kowane nono 'yar malafar takarda da hannu, domin ruwa ya zurare ta gefe. Wannan aiki yana cin ma'aikata da lokaci, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa inabin Japan ya fi na wasu ƙasashe tsada.

Taƙaitaccen tarihi

An daɗe ana noman inabi a Katsunuma, cikin lardin Yamanashi, kimanin kilomita 100 yamma da Tokyo, amma don ci kawai. Matsar giya ta soma ne bayan juyin mulkin Meiji na 1868, lokacin da gwamnati ta duƙufa wajen koyon sana'o'in Turai. A farkon shekarun 1870 wasu mutum biyu, Yamada Hironori da Takuma Norihisa, suka gwada sana'ar a birnin Kofu. A 1877 aka kafa kamfanin Dai-Nihon Yamanashi Budoshu, wanda ya tura samari biyu, Takano Masanari da Tsuchiya Ryuken, zuwa Faransa don koyon aikin. Sun komo a 1879. Kamfanin ya rushe a 1886, amma daga tushensa ne kamfanin Mercian na yau ya samo asali.

Matsalar farko ita ce ta ɗanɗano. Jama'ar da suka saba da shinkafa da kifi ba su karɓi giya mai tsami da bauri ba. Abin da ya samu kasuwa shi ne giyar da aka ƙara wa zaƙi, musamman Akadama, wadda Torii Shinjiro, mutumin da ya kafa kamfanin Suntory, ya fitar a 1907. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ƙarfafa matsar inabi saboda wani dalili daban: ana samun wani gishiri daga abin da ke daskarewa a jikin gangar giya, wanda rundunar sojin ruwa ke amfani da shi a na'urorin sauraren motsi a ƙarƙashin teku.

Bayan gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 da baje kolin duniya na Osaka a 1970, cimar Turawa ta ƙara shiga gidajen Japanawa, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1970 giya marar zaƙi ta wuce mai zaƙi a kasuwa. A 1989 wata giyar kamfanin Mercian da aka yi da inabin Merlot na yankin Kikyogahara ta ci babbar lambar zinariya a gasar Ljubljana, abin da ya sa masana na waje suka fara waiwayar Japan.

Koshu, inabin gida

Koshu shi ne inabin da Japan ta fi tinƙaho da shi, kuma shi ne aka fi matsawa a cikin ire-iren farar giya. Fatarsa ruwan hoda ce mai kauri, kaurin kuwa shi ke kare shi daga ruɓewa a cikin laima. Akwai hikayoyi biyu game da asalinsa. Ɗaya ta ce wani malamin addinin Buddha mai suna Gyoki ne ya shuka shi a shekarar 718 a inda wurin ibadar Daizenji yake a yau. Ɗayar kuma ta ce wani mutumin Katsunuma mai suna Amemiya Kageyu ne ya tsince shi a bakin hanya a 1186. Binciken ƙwayoyin halitta da cibiyar nazarin abin sha ta gwamnatin Japan ta bayyana a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na gadonsa daga inabin Turai da yammacin Asiya ne, sauran kuma daga wani inabin daji na China. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa kakanninsa sun biyo tsohuwar hanyar fataucin siliki ne.

Giyar Koshu fara ce, ba ta da nauyi, ba ta da ƙamshi mai ƙarfi. An daɗe ana yi mata kallon lami, har sai da aka samu canji biyu. Na farko, a shekarun 1980 kamfanin Mercian ya fara barin giyar ta zauna wata da watanni tare da yis ɗin da ya kwanta a ƙasan tanki, wanda ke ƙara mata jiki, ya kuma koya wa maƙwabtansa dabarar. Na biyu, a farkon shekarun 2000 masu binciken kamfanin, tare da Tominaga Takatoshi na Jami'ar Bordeaux, suka tabbatar da cewa Koshu yana ɗauke da sinadarin ƙamshi irin na lemo, wanda maganin feshi mai tagulla ke kashewa. Da aka rage feshin aka kuma gyara lokacin girbi, sai ƙamshin ya bayyana.

Hukumar OIV ta yi wa Koshu rajista a 2010, abin da ya ba da damar rubuta sunansa a jikin kwalbar da za a sayar a Tarayyar Turai. A 2014 giyar Koshu ta kamfanin Grace, wadda Misawa Ayana ta haɗa, ta ci lambar zinariya a gasar mujallar Decanter a Landan.

Muscat Bailey A da aikin Kawakami Zenbei

A ɓangaren jar giya, irin da ya fi yawa shi ne Muscat Bailey A. Wanda ya samar da shi, Kawakami Zenbei, ɗan wani gidan masu filaye ne a lardin Niigata, inda dusar ƙanƙara ke da yawa. Ya kafa gonar Iwanohara a 1890 da nufin samar wa manoman yankinsa wata sana'a da za ta agaza musu idan shinkafa ta ƙi. Ire-iren Turai da ya shigo da su ba su jure yanayin ba, na Amurka kuwa sun jure amma ɗanɗanonsu bai gamsar ba. Sai ya koma haɗa aure tsakanin ire-iren biyu, ya yi haka fiye da sau 10,000, ya kuma ƙarar da dukiyarsa a kai. A 1927 ya haɗa Bailey na Amurka da Muscat Hamburg na Turai, aka samu Muscat Bailey A. A 1940 ya gabatar da ire-ire 22 da ya tace, ciki har da Black Queen. Ya rasu a 1944.

Giyar Muscat Bailey A ba ta da bauri sosai, kuma tana ƙamshin sitiroberi saboda wani sinadari da ake kira furaneol. Hukumar OIV ta yi mata rajista a 2013.

Sauran ire-ire da yankunansu

Lardin Yamanashi ne kan gaba, yana samar da kusan kashi 30 cikin 100 na giyar da aka yi da inabin gida. Kwarin Kofu da duwatsu suka kewaye, ga dutsen Fuji daga kudu, yana samun rana mai yawa da ruwan sama ƙasa da na yawancin sassan ƙasar.

Lardin Nagano mai tuddai da sanyin dare ya yi suna da Merlot da Chardonnay, ga kuma Concord da Niagara na Amurka da aka daɗe ana nomawa a Shiojiri.

Tsibirin Hokkaido da ke arewa ba ya shan daminar Yuni da Yuli kamar sauran ƙasar. A can ana noman ire-iren da suka saba da sanyi, irin su Kerner da Zweigelt, sai kuma Pinot Noir a garin Yoichi. Gidan Domaine de Montille na yankin Burgundy a Faransa ya buɗe gona a Hakodate. A garin Ikeda, inda ƙaramar hukuma ce da kanta ta shiga sana'ar tun 1963, sanyi kan yi tsananin da dole a binne itacen inabi cikin ƙasa kafin hunturu. Don kawar da wannan wahala aka samar da Yamasachi, wanda ke da jinin inabin daji kuma ba ya buƙatar binnewa. Shi ne iri na uku da OIV ta yi wa rajista, a 2020.

Lardin Yamagata da Osaka sun shahara da Delaware, ƙaramin inabi mai zaƙi da ake ci ake kuma matsawa. A lardin Iwate ana amfani da yamabudo, inabin dajin Japan mai tsami da duhun launi, wajen yin giya da kuma ruwan inabi marar barasa. A garin Ashikaga na lardin Tochigi kuwa akwai gonar Coco Farm, wadda wani malamin makaranta, Kawada Noboru, ya fara sharewa a gefen dutse a 1958 tare da ɗalibansa masu lalurar ƙwaƙwalwa. Giyar wannan gona tana cikin abin da aka gabatar wa shugabanni a taron ƙasashen G8 na Okinawa a shekarar 2000.

Dokar abin da za a rubuta a jikin kwalba

Shekaru da dama kalmar giyar gida tana ruɗar masu saye a Japan. Manyan kamfanoni sukan shigo da dafaffen ruwan inabi mai kauri daga ƙasashen waje, su tsima shi a cikin Japan, su sayar da shi a matsayin na gida. Wannan ne ya sa lardin Kanagawa, wanda ba a san shi da gonakin inabi ba, ya zama kan gaba a yawan giyar da ake sarrafawa.

A watan Oktoban 2015 Hukumar Haraji ta Ƙasa, wadda ke kula da harkar barasa, ta fitar da sabuwar ƙa'ida da ta fara aiki ranar 30 ga Oktoba, 2018. A ƙarƙashinta, ba za a kira giya Nihon wain, wato giyar Japan, ba sai an yi ta a cikin ƙasar da inabin da aka noma a ƙasar ɗari bisa ɗari. Kafin a rubuta sunan wani yanki, ko sunan iri guda, ko shekarar girbi, dole ne aƙalla kashi 85 cikin 100 na inabin ya cika wannan sharaɗi. Haka kuma hukumar ta ba yankuna 5 kariyar suna: Yamanashi a 2013, Hokkaido a 2018, sai Yamagata da Nagano da Osaka a 2021.

Duk da haka, giyar Japan ta ainihi kusan kashi 5 cikin 100 ce kawai na abin da ke kasuwar ƙasar. Chile ta wuce Faransa a yawan giyar da ake shigowa da ita a 2015, bayan yarjejeniyar ciniki ta 2007 da ta riƙa rage mata haraji, kuma tun ranar 1 ga Fabrairu, 2019 aka cire wa giyar Tarayyar Turai harajin shigowa baki ɗaya.

Abincin da ake haɗa ta da shi

Masu wannan sana'a a Japan ba su yi ƙoƙarin gasa da Turai a nauyi ko ƙarfin ɗanɗano ba. Hujjarsu ita ce giyarsu ta dace da cimar ƙasarsu, washoku, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da ake karewa a watan Disamban 2013. Wannan cima ba ta da mai da yawa, ba ta da yaji mai zafi. Ginshiƙinta shi ne ɗanɗanon da ake kira umami, wanda masanin kimiyya Ikeda Kikunae ya gano tushensa a cikin ganyen teku na kombu a 1908. Daga wannan bincike aka samu Ajinomoto, wanda matan Arewa suka sani da farin magi. Shi ne kuma irin ɗanɗanon da daddawa ke ba miya.

Koshu ana haɗa ta da ɗanyen kifin da aka yayyanka, wato sashimi, da sushi, da tempura, wato kifi ko ganyen da aka tsoma cikin kwaɓin fulawa aka soya. Akwai dalili na kimiyya a nan. Wani bincike da masanan kamfanin Mercian suka wallafa a 2009 ya nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giya shi ke tayar da ƙarni a baki idan ya haɗu da kitsen abincin teku. Giyar Koshu tana da ƙarancin wannan sinadari, don haka ba ta tayar da ƙarnin. Ƙamshinta na lemo kuma yana tafiya da abincin da aka matsa wa yuzu, wani lemon tsami na ƙasar. Wadda aka tsima tare da fatarta har ta yi launin ruwan goro takan yi ɗan bauri, ita kuma ana kai ta ga abinci mai miso, wato tsimammen waken suya.

Muscat Bailey A ana haɗa ta da abincin da aka dafa da shoyu, ruwan ɗanɗano na waken suya, tare da ɗan zaƙi: tsiren kaza na yakitori, da naman sa na sukiyaki, da gasasshen unagi, wani dogon kifi mai siffar maciji. Shoyu yana ɗauke da sinadarin ƙamshi da ke dangi ɗaya da furaneol, shi ya sa ɗanɗanon biyu ba sa karo. Merlot na Nagano mai ɗan nauyi ana ajiye shi ga naman shanun wagyu mai kitse. A Osaka kamfanin Katashimo yana yin giyar Delaware mai kumfa musamman don takoyaki, wani abincin bakin titi mai kama da wainar fulawa da aka cusa wa naman wata halittar teku mai hannuwa takwas.

A ƙauyukan Yamanashi kuwa ba a bin waɗannan ƙa'idoji. Manoma sun gaji al'adar zuba giyarsu a babbar kwalbar sake mai cin lita 1.8, su sha da kofin shayi, tare da abincin gida irin su hoto, faffaɗar taliya da ake dafawa da kabewa a cikin romon miso.

Inabin ci da darasin Shine Muscat

Mafi yawan inabin da Japan ke nomawa na ci ne, kuma a nan kuɗin yake. Kyoho, baƙin inabi mai manyan 'ya'ya da Oinoue Yasushi ya samar a lardin Shizuoka, ya daɗe yana mulkin kasuwa. Ruby Roman na lardin Ishikawa, wanda ya shiga kasuwa a 2008, sai kowace ƙwaya ta kai giram 20 kafin a amince da shi. A gwanjon farkon kaka na 2022 an sayar da nono guda a kan yen miliyan 1.5.

Wanda ya fi kowanne tashe shi ne Shine Muscat, koren inabi da ake ci da fatarsa. Cibiyar binciken itatuwan marmari ta gwamnati ta haɗa shi a 1988 a lardin Hiroshima, aka yi masa rajista a cikin gida a 2006. Yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin masu samar da iri ta ba da wa'adin shekara 6 a nemi rajistar itacen inabi a wasu ƙasashe, amma Japan ta bar wa'adin ya wuce, domin ba ta yi zaton za a nemi inabin a waje ba. Dashensa ya fita zuwa China da Koriya ta Kudu, inda ake noma shi ba tare da biyan ko sisi ba. Ma'aikatar noma ta Japan ta ƙiyasta cewa filin da ake noma shi a China ya kai hekta 53,000, kusan ninki 30 na na Japan, kuma asarar kuɗin haƙƙin mallaka ta haura yen biliyan 10 a kowace shekara. A watan Disamban 2020 majalisa ta gyara dokar iri, kuma daga Afrilun 2021 fitar da irin da aka yi wa rajista ba da izini ba ya zama laifi. Najeriya ma ta samu tata dokar kare ire-iren tsirrai a 2021.

Ƙalubalen da ke gaba

Tashen Shine Muscat ya zame wa masu matsar giya matsala. Manomi yana samun ninkin abin da Koshu ke ba shi idan ya shuka inabin ci, don haka wasu suna tumɓuke tsofaffin itatuwan Koshu. Ga tsufa: ƙidayar 2020 ta nuna matsakaicin shekarun manoman da noma ne babbar sana'arsu ya haura 67, 'ya'yansu da yawa kuma sun koma birane. Kamfanonin giya suna ƙaruwa, inabin matsawa yana ƙaranci, abin da ya tilasta wa manyan kamfanoni buɗe gonakin kansu.

Ɗumamar yanayi ita ma ta fara nuna kanta. Idan dare bai yi sanyi ba, baƙin inabi ba ya yin launi sosai, tsaminsa kuma yana raguwa. Wannan ya sa sababbin gonaki ke hawa tuddai ko su nufi Hokkaido.

Sannan akwai raguwar masu sha. Alƙaluman Hukumar Haraji sun nuna cewa abin da baligi ɗaya ke sha na barasa a shekara ya sauko daga lita 100 a 1995 zuwa lita 75 a 2020. A 2022 hukumar ta shirya gasa mai suna Sake Viva don neman dabarun jawo matasa, abin da ya jawo mata suka daga jama'a. A watan Fabrairun 2024 kuma ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙa'idojinta na farko da ke bayyana haɗarin barasa ga lafiya. Dokar ƙasar ta hana sayar da barasa ga wanda bai kai shekara 20 ba, kuma wannan bai canja ba ko bayan da aka mayar da shekarun balaga 18 a 2022.